Baƙo da Ɗan Gida: Ma'anar Maraba a Majami'un Katolika na Ƙasar Paiko

Garin Paiko, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Paikoro a Jihar Neja, yana kan hanyar da ta taso daga Suleja zuwa Minna, kimanin kilomita 25 kudu maso gabas da babban birnin jihar, kuma kamar kowane garin bakin titi, rayuwarsa ba ta rabuwa da mai shiga da mai fita. Ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari, tare da Koro a wajajen Kafin-Koro, amma doyar da ake nomawa a yankin ta daɗe tana jawo fatake da dillalai da direbobin manyan motoci daga Arewa da Kudu, ban da Hausawa da Fulani da Nufawa da Yarabawa da Ibo da suka sauke kaya suka zauna, har suka haifi 'ya'ya da jikoki a wurin. Ƙidayar 2006 ta ba wa ƙaramar hukumar kimanin mutum 158,000, cikinsu akwai Musulmi da Kirista waɗanda sau da yawa tsatsonsu ɗaya ne, wani lokaci ma cikin gida ɗaya suke kwana. A irin wannan wuri, batun yadda majami'a take karɓar wanda ya tsaya a ƙofarta batu ne na kowace Lahadi, domin da wuya a tashi daga ibada ba a ga baƙuwar fuska a kan benci ba.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a koya masa darajar baƙo, tunda al'adarsa ta gina wa baƙo ɗaki a bakin gida, wato zaure, ta kuma tsara yadda za a tarye shi tun daga amsa sallama da shimfiɗa tabarma da kawo ruwa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, har zuwa rakiya da guzuri ranar da zai koma. A fagen fatauci ma an san fatoma ko mai masauki, wanda yake sauke baƙon ɗan kasuwa, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, ya kuma zama jingina gare shi idan rigima ta taso, kuma a kan wannan tsari ne zangunan Hausawa suka tsaya daga Ibadan har Kumasi. Sai dai wannan karamci, duk da kyawunsa, an gina shi ne a kan zaton cewa baƙo zai tafi, shi ya sa ake kwatanta shi da raɓa, wadda rana na fitowa take bushewa. Abin da ya fi wuya, a gida ko a gari ko a majami'a, shi ne baƙon da ya zo bai koma ba, kuma a nan ne koyarwar Katolika take da abin cewa wanda ya cancanci a saurara.

Ɗarikar Katolika tana raba ƙasa ne zuwa manyan yankuna da ake kira dayosis, kowanne a ƙarƙashin bishof, sa'an nan a raba dayosis zuwa ƙananan gundumomi da ake kira farish, kowanne a hannun limami, wanda mabiya suke kira Fada. Ita kalmar farish, wadda ta shigo bakin mutane ta Turanci, asalinta daga Girkanci ne, daga paroikiya, wadda take nufin zaman baƙunta, wato zaman mutumin da ya sauka a gefen masu gari ba tare da yana da gadon ƙasa a wurin ba. Kiristocin farko sun kira tarukansu da wannan suna ne saboda sun ɗauki kansu matafiya a duniya, kuma ko da yake yawancin masu furta kalmar a yau ba su san tushenta ba, ma'anar tana nan kwance a cikinta: farish taron baƙi ne da suka sauka a gidan da ba nasu ba. Idan aka bi wannan fahimta zuwa ƙarshenta, dattijon da kakansa ya ba da filin da aka gina majami'a, da ɗan ci-rani da ya sauka daga mota jiya da daddare, matsayinsu ɗaya ne a gaban Mai gidan, kuma na farkon ya riga na biyun isowa ne kawai.

Tarihin Katolika a wannan yanki ya gaskata ma'anar sunan fiye da yadda kowane mai wa'azi zai iya. Minna ta bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, lokacin da layin Baro zuwa Kano da layin da ya taso daga Legas suka haɗu a wurin, kuma yawancin Katolikan farko na garuruwan tasha ma'aikata ne da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, waɗanda limaman mishan na ƙungiyar SMA suke bi suna yi wa hidima. A 1964 ne fadar Fafaroma ta yanke yankin Minna daga Kaduna ta ba shi cin gashin kansa a ƙarƙashin Edmund Fitzgibbon, ɗan ƙasar Ailan daga ƙungiyar mishan ta Saint Patrick, sa'an nan a 1973 aka ɗaga shi ya zama cikakken dayosis, aka naɗa Christopher Abba, mutumin ƙasar Adamawa, bishof na farko. Da aka mayar da shi Yola a 1996, Martin Uzoukwu, ɗan ƙabilar Ibo, ya gaje shi a kujerar da ke babbar majami'ar Saint Michael a Minna. Ke nan shugabannin ukun farko duk daga nesa suka zo, kuma a ƙauyukan Gbagyi da Koro masu ƙasa ne suka fara saukar da addinin, suka nuna wa Fada inuwar da zai zauna da filin da zai kafa makaranta, tun kafin ya sami ƙofar da shi ma zai tsaya ya yi wa wani maraba.

Tushen koyarwar a nassi ba baƙon abu ba ne ga Musulmin da yake karanta wannan. Littafin Farawa, a sura ta 18, ya ba da labarin yadda Ibrahim ya hango baƙi uku da tsakar rana, ya ruga ya tarye su, ya sa aka kawo ruwan wanke ƙafa aka yanka maraƙi, bai san manzanni ne ba, kuma Alƙur'ani ya kawo labarin baƙin Annabi Ibrahim da gasasshen maraƙin a Suratu Hud da Suratuz Zariyat. Linjilar Matiyu kuwa, a sura ta 25, ta sa saukar da baƙo cikin ayyukan da za a yi wa mutum hisabi a kansu ranar ƙarshe, tare da ciyar da mayunwaci da duba marar lafiya da ziyartar ɗan kurkuku, ta kuma nuna cewa abin da aka yi wa irin waɗannan Almasihu aka yi wa. A ƙarni na 6, Benedict, wanda ya tsara ƙa'idar zaman sufaye a Monte Cassino ta ƙasar Italiya, ya keɓe babi guda a kan karɓar baƙi, inda ya fi jaddada kula da talakawa da matafiya, bisa hujjar cewa mai kuɗi kwarjininsa kaɗai ya isa ya sa a girmama shi, ya kuma umarci a ɗora dattijo mai hankali a bakin ƙofa, wanda ya san yadda ake karɓar saƙo da mayar da amsa. Daga masaukan baƙi da marasa lafiya na wancan zamani ne Turawa suka sami kalmar da Hausa ta ara ta mayar asibiti, kuma ita da otal duk jikokin kalmar Latin ɗaya ce, hospes, wadda abin sha'awa take nufin baƙo, take kuma nufin mai masaukinsa.

Wa'azi dai kowa yana yi, amma abin da ya bambanta Katolika shi ne ta mayar da wasu daga cikin waɗannan abubuwa doka rubutacciya. Kundin dokokin ɗarikar, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1983, ya tanadi cewa a bisa ƙa'ida farish yanki ne na ƙasa wanda ya ƙunshi duk mabiyan da ke zaune a cikinsa, ba ƙungiya ba ce da ake neman izinin shiga. Ya tanadi cewa shiga majami'a a lokacin ibada kyauta ne, ba a karɓar kuɗin ƙofa, kuma ba a hana matalauci baftisma ko wata alfarmar ibada saboda rashin abin biya. Ya ɗora wa Fada nauyin sanin mutanensa da ziyartar gidajensu, ya kuma ambaci waɗanda zai nema da ƙafarsa, wato matalauta da masu wahala da waɗanda ba su da kowa da waɗanda aka raba da ƙasarsu. Mafi muhimmanci ga ƙasa irin Nijeriya shi ne abin da kundin ya ce game da mazauni: wanda ya sauka a wuri da niyyar yin aƙalla wata uku, ko kuma ya cika wata ukun a zahiri, ya riga ya zama ɗan wannan farish, Fadan wurin ya zama limaminsa, wanda kuwa ya zauna da niyyar dindindin ko ya cika shekara biyar ya sami cikakken mazauni. Ko mutumin da ba shi da mazauni ko'ina, doka ta ce limamin inda ya kwana shi ne limaminsa.

Nauyin wannan tanadi ba ya bayyana sai an ajiye shi kusa da abin da ake yi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, inda mutumin da aka haifa a gari, aka haifi ubansa a garin, zai nemi takardar shaidar zama ɗan asali don neman makaranta ko aiki a ce masa ya koma garin kakansa. Rabon mutane zuwa 'yan ƙasa da baƙi, wanda ya samo ƙarfi tun zamanin da Turawa suka keɓe Sabon Gari da Tudun Wada, ya ci rayuka masu yawa a Jos da Zangon Kataf da wasu wurare, kuma mutanen da suke zaune a kan bencin majami'a ranar Lahadi su ne dai suke bin layin sakatariya ranar Litinin, da tunanin da suka taso da shi. Dokar cocin ba ta san ɗan asali ba, wata uku ta sani, amma zukatan mabiya ba sa karanta kundi, shi ya sa ake iya samun wanda ya shekara ashirin yana ba da baiko, wato sadakar coci, a farish, ana kuma ce masa baƙo ranar da za a zaɓi shugaban majalisar coci.

Wanda ya tsaya a harabar wata majami'ar Katolika a wannan yanki da safiyar Lahadi zai ga kashin farko na maraba da idonsa. A bakin ƙofa akwai masu kula da tsari, maza da mata, kowa da ɗamara mai launi rataye daga kafaɗa zuwa ƙugu, su ne suke nuna wa mutum wurin zama, su matsa wa mai goyo kusa da ƙofa don ta sami iska, su tsayar da wanda ya makara har a gama karatu, su kuma taɓa kafaɗar wanda gyangyaɗi ya ɗauka. A tsakiyar Mas, wato babbar ibadar Katolika, akwai lokacin da ake umartar jama'a su yi wa juna gaisuwar salama, sai kowa ya juya dama da hagu ya miƙa hannu ga wanda ya sani da wanda bai sani ba. Can wajen ƙarshe, lokacin sanarwa, a majami'u da yawa akan ce wanda yau ne farkon zuwansa ya miƙe, sai ya tashi a kunyace yana riƙe da hularsa, ya faɗi sunansa da inda ya fito, mawaƙa su buga ganga da kacau-kacau, a yi masa tafi, wani lokaci a ce ya tsaya bayan an tashi ya ga katikis, wato malamin da yake koyar da addini yake kuma taimaka wa Fada. Duk wannan abu ne mai kyau, kuma Hausawa da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ba su yi ƙarya ba, sai dai dukkansa bai wuce minti biyar ba, kuma mutum yana iya shan tafi ranar Lahadi ya kwana da zazzaɓi ranar Laraba ba wanda ya leƙo shi.

Harshe shi ne ƙofa ta biyu, kuma ta fi ta katako wuyar buɗewa. Kafin babban taron bishof-bishof na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965, da Latin ake yin Mas kusan a ko'ina, abin da ya mayar da kowa baƙo daidai wa daida, amma tun da taron ya ba da damar amfani da harsunan jama'a, kowane farish mai gaurayen ƙabilu ya shiga lissafin wane harshe zai ɗauka, wane zai bari. A tsakiyar Nijeriya Hausa ce ta zama gadar da Bagbagyi da Bakoro da Bakataf da mutumin Filato suke haɗuwa a kanta, kuma abin lura ne cewa harshen da mutane da yawa a Kudu suke ɗauka na Musulunci ne kaɗai, shi ne harshen addu'a da waƙa na miliyoyin Kirista. Amma tsohuwar da ta taso daga ƙauye ba ta jin komai sai Gbagyi, da ɗan kasuwar da ya zo daga Anaca ba ya jin Hausa, kowannensu yana iya zama awa biyu a majami'a kamar kurma. Shi ya sa inda ake da limamai isassu akan raba ibada, ta Hausa daban ta Turanci daban, a kuma cakuɗa waƙoƙi cikin harsuna uku ko huɗu, ko da yake wannan rabo yana da nasa lahani, domin yakan haifar da jama'a biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya waɗanda ba sa haɗuwa sai a bakin ƙofa, waɗannan suna fita waɗancan suna shiga.

Akwai iyaka guda wadda baƙon da ba Katolika ba ya kamata ya sani, don kada ya ɗauke ta a matsayin wulaƙanci. Ƙofar majami'a a buɗe take ga kowa, kuma a ƙasar da ɗan'uwa Musulmi yakan halarci ɗaurin auren ƙanwarsa ko jana'izar kawunsa Kirista, akan tanadi kujeru a gaba don hakimi da masu unguwa da sauran manyan baƙi, a ambaci sunayensu a gode musu. Amma Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da ake rabawa a tsakiyar ibada wadda Katolika suka yi imani jikin Almasihu ce, an keɓe shi ga waɗanda aka yi wa baftisma aka kuma shirya su, har ma Kiristan wata ɗarika a bisa ƙa'ida ba ya karɓa, kuma galibi akan sanar da haka a fili kafin a fara. Cocin ba ta ganin saɓani tsakanin wannan da karamci, tunda a wurinta karɓar Jibi furuci ne na imani, kuma tilasta wa baƙo ko ruɗarsa ya furta abin da bai yarda da shi ba shi ne ainihin rashin mutunta shi. Sanarwar da taron Batikan ya fitar a 1965 game da sauran addinai, wadda ta yi maganar Musulmi da girmamawa ta kuma nemi a bar gabar da ta wuce, ita ce madogarar wannan hali a hukumance.

A ƙauyuka kuwa lamarin juyawa yake yi. Farish ɗaya yakan ƙunshi ƙananan majami'u masu yawa a warwatse cikin daji, waɗanda Fada ba ya isa gare su sai jefi-jefi, musamman da damina idan rafuka suka cika, saboda haka katikis ne yake jan addu'a mako-mako, shi yake zuwa wurin mai jinya, shi ne kuma gidansa yake zama masaukin duk wanda dare ya yi wa. Ranar da Fada zai zo, shi ne baƙo, a share fili, a ɗebo ruwa, mata su daka sakwara, a kama kaza, idan zai tafi a ɗaure masa doya a bayan babur ko mota. Mafi yawan wannan aiki, a ƙauye da gari, a wuyan mata yake, musamman ƙungiyar Zumuntar Mata Katolika, waɗanda ake ganewa da zane iri ɗaya, kuma su ne suke zuwa barka da gaisuwar mutuwa, su karɓi amaryar da aka kawo daga wani gari, su san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Taron bishof-bishof na Afirka da aka yi a Rum a 1994, wanda Fafaroma ya rattaba hannu a kan sakamakonsa a Yawunde a 1995, ya zaɓi ya siffanta coci da iyalin Allah, kuma idan akwai inda wannan siffa ta sauka ƙasa ta yi tafiya da ƙafa, to a sawun waɗannan mata ne, tunda dama an ce zumunta a ƙafa take.

Ba za a yi adalci ga batun ba idan aka ɓoye inda karamcin yake yin tuntuɓe, kuma Katolikan Nijeriya da kansu suna faɗin wannan a tarukansu. Gine-gine da makarantu da hidimar limamai suna cin kuɗi, saboda haka aka ƙirƙiro katin biyan kuɗaɗe iri-iri, kuma ƙorafin da aka fi ji shi ne na iyalin da aka yi wa rasuwa suka je neman a yi wa mamacinsu addu'a, aka fara buɗe littafi ana lissafa bashin da ya bari, alhali doka ta hana a tauye matalauci saboda talaucinsa. A bikin godiyar kaka, inda manoma suke shigowa da rawa ɗauke da doya da dawa da awaki, daga baya a yi gwanjonsu don tara kuɗi, kujerar gaba da lasifika sukan koma hannun wanda ya fi aljihu, duk da cewa Wasiƙar Yakubu ta yi kashedi a kan zaunar da mai zoben zinariya a wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye. Ƙungiyoyin ƙabila na cikin farish suna saukar da ɗan'uwansu da ya iso, su nema masa ɗaki da sana'a, wanda aikin fatoma ne sak, amma sukan zama katanga ga wanda ƙabilarsa ba ta da yawan da za ta kafa ƙungiya. Akwai kuma waɗanda baƙuntarsu ba ta nisan gari ba ce: yarinyar da ta haihu ba aure, da matar da take ta biyu a gidan mijinta, da magidancin da yake son baftisma alhali yana da mata fiye da ɗaya, wanda doka ta ce sai ya zauna da guda tare da tabbatar da an biya wa sauran bukatunsu bisa adalci. Irin waɗannan sukan zauna a bencin baya shekara da shekaru, suna cikin gida amma kamar a zaure.

A shekarun baya-bayan nan wani abu ya shigo wanda ya sa buɗe ƙofa ya zama sha'anin rai da mutuwa. Ranar Kirsimeti ta 2011, bam ya tashi a majami'ar Saint Theresa da ke Madalla kusa da Suleja, wadda take ƙarƙashin dayosis ɗin Minna, daidai lokacin da jama'a suke fitowa daga ibada, ya hallaka fiye da mutum 40, kuma Boko Haram ta ɗauki alhakin harin. Limamin wannan majami'a a lokacin, Fada Isaac Achi, ya tsira, amma da asubahin Lahadi 15 ga Janairu 2023 'yan bindiga suka kewaye gidan limamai na majami'ar Saints Peter and Paul da ke Kafin-Koro, a cikin Ƙaramar Hukumar Paikoro, da suka kasa shiga suka cinna wa gidan wuta ya ƙone a ciki, suka kuma harbi abokin aikinsa Fada Collins Omeh yayin da yake ƙoƙarin tserewa, ko da yake shi ya rayu. Shekara biyu kafin haka, a Janairun 2021, an sace Fada John Gbakaan na majami'ar Gulu a Ƙaramar Hukumar Lapai, aka kashe shi. Tun bayan Madalla, majami'u da yawa a Arewa suka hana ajiye mota kusa da gini, suka hana shiga da manyan jakunkuna, suka sa matasa a bakin ƙofa da na'urar bincike, ta yadda hannun da yake miƙa gaisuwa shi ne yake laluben aljihu.

Ba mai hankalin da zai zargi jama'ar da aka kashe wa mutane don sun yi taka-tsantsan, kuma kare ran waɗanda suka riga suka shigo shi ma haƙƙin baƙo ne a kan mai masauki. Haɗarin yana wajen da bincike zai tashi daga kan jaka ya koma kan kamanni da harshe da sutura, har a wayi gari Bafulatanin da ya zo tambayar hanya ko almajirin da ya zo neman ruwa ya zama abin tuhuma tun kafin ya buɗe baki, alhali 'yan bindigar da suka addabi yankin ba su bar masallaci ba, ba su bar ruga ba. Dabarar da ta fi dacewa tsohuwa ce, ita ce ta Benedict da ta zauren Bahaushe: a sa a ƙofa wanda ya san mutane, ya iya gaisuwa da harsuna biyu ko uku, ya bincika kowa ba tare da ware wani ba, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, domin binciken da aka yi wa kowa tsari ne, wanda aka yi wa mutum ɗaya kuwa tozarci ne.

Rashin tsaron ya kuma kawo wani irin baƙo wanda shi ne jarrabawa mafi girma. Hare-haren da aka yi ta kaiwa ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi da wasu sassan Paikoro sun tashi dubban manoma daga gidajensu, har a Afrilun 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya bayyana cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure ta Ƙaramar Hukumar Shiroro. Wasu sun fake a makarantu a Kuta da Gwada da Minna, wasu da yawa kuwa ba su shiga kowane sansani ba, sun raɓa ne a gidajen dangi da abokan ibada a garuruwan bakin titi. Cocin tana da hannayen da take kai agaji da su, kamar ƙungiyar Saint Vincent de Paul, wadda aka kafa a birnin Paris a 1833 don ziyartar matalauta a gidajensu, da hukumar adalci da raya al'umma da zaman lafiya da ke kowane dayosis, kuma buhun masara da tabarma da gidan sauro sun ceci rayuka. Sai dai manomin da ya saba cika rumbu ya ciyar da wasu, abin da yake ci masa rai shi ne ya zama mai miƙa hannu kullum, kuma bukatarsa bayan makon farko ita ce aron gona, da gurbin makaranta ga 'ya'yansa, da a ba shi wani aiki a majami'a, ko da karatu ne ko buga ganga ko tsaron ƙofa, wanda zai sa a daina nuna shi da suna ɗan gudun hijira.

Waɗanda suka baro ƙauyukansu a 2021 sun ninka wata ukun da kundin dokokin Katolika ya gindaya sau da yawa, saboda haka a dokar cocin kanta sun daɗe da zama 'yan farish ɗin da suka sauka, da cikakken haƙƙin a yi wa 'ya'yansu baftisma, a ɗaura musu aure, a binne matattunsu ba tare da an tambaye su katin garin da aka ƙone ba. Abin da ya rage yana hannun limamai da katikis da majalisun coci na Paiko da Kafin-Koro da maƙwabtansu: su bi gida-gida su rubuta sunayen waɗannan mutane a rajista, su yafe musu kuɗaɗen da ba za su iya biya ba, kuma idan lokacin zaɓen majalisa ya zo, a ba su kujera a cikinta.